Kabarin Bayan Rumbu

Akwai wata Laraba da har gobe ba ta fita raina ba, kuma tunda kun ce in ba ku labarin aiki, gara in ba ku wanda ba na alfahari da shi. A lokacin ni ne malamin dagaci, wato mai rubuta masa takardu, a wani ƙauye da ke arewa da Ɗanbatta. Shekarun fari ne. Mutane sun sayar da awaki, sun koma sayar da gonaki, wasu har gidajen da aka haife su a ciki.

Ga yadda cinikin gida yake tafiya a wurinmu. In an yi sallama, mai saye ya ba da kafin alƙalami, a yanka wa'adi. Kafin wa'adin ya cika, duk abin da ke tattare da gidan sai mai sayarwa ya faɗa an rubuta, ko hanyar ruwa ce, ko rigimar gado, ko bishiyar da ba tasa ba. Ranar wa'adi a karanta takarda gaban shaidu, kowa ya dangwala, dagaci ya buga hatimi. In za a ƙara ko layi ɗaya, sai an sake buga takardar, tafireta kuwa babu sai a Ɗanbatta.

Mai sayarwa Malam Idi ne, manomi, mutum mai kunyar da ko gaisuwa ƙasa-ƙasa yake yin ta. Zai kwashi iyalinsa ya koma Kano aikin gadi. Mai saye kuma Malam Sani tela, wanda gidan gadonsu ya yi musu kaɗan. Wa'adi ranar Alhamis ne. Takarda na riga na bugo ta, bayan na wuni a tasha ina jiran motar da ta samu mai.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Malam Idi a zauren dagaci. Ya tsuguna, ya daɗe yana wasa da ƙasa.

"Malam, akwai maganar da ban faɗa ba."

"Yau? Gobe fa ake dangwale."

"Akwai kabari a bayan rumbu. 'Yata ce, Binta. Ƙyanda ce ta ɗauke ta, ko yaye ta ba a yi ba. Uwarta ta ce kada mu tashi sai an rubuta, don kada a haƙa wurin."

Binne jariri a cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙauyukanmu, kuma na tabbata da Malam Sani ya ji, da kewaye wurin kawai zai yi. Amma ni raina ne ya ɓaci.

Na ce, "Haba Malam Idi! Duk kwanakin nan kana ina?"

Ya ce, "Kullum na taso zan faɗa, sai bakina ya yi nauyi."

Abin da na hango shi ne tashar nan, da faɗan dagaci, da shaida ɗaya da zai tafi ci-rani ranar Juma'a. Sai na ce masa, "Je ka abinka. Ba sai an rubuta ba, ni da bakina zan faɗa wa Malam Sani." Ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Ranar Alhamis na karanta takarda da murya mai daɗi, don a lokacin ina ji da karatuna. Na ga Malam Sani sai washe baki yake, na ce bari a gama dangwale tukuna. Da aka gama na ce bari ya tare. Da ya tare kuma sai kunyar jinkirin ta kama ni, in na hango shi a kasuwa in sauya hanya.

Bayan kaka Malam Sani ya rushe tsohon rumbun, ya sa a haƙa masa masai a wurin. Masu haƙa ba su kai gwiwa ba suka jefar da diga. Malam Sani ya kira liman, aka kwashe ɗan abin da aka samu aka kai maƙabarta, sannan ya zo gaban dagaci ya kai ƙara. Dagaci ya aika Kano aka kira Malam Idi.

"Idi, ka san da kabari a gidan nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ka faɗa wa wani?"

Malam Idi ya ɗago ya dube ni. Ina zaune gefen dagaci da biro a hannu, na kafa ido a kan littafi. Ya mayar da kansa ƙasa.

"Ban faɗa a kan lokaci ba, ranka ya daɗe."

Dagaci ya wanke shi tas gaban jama'a, ya ce bai taɓa ganin uban da ya sayar da kabarin 'yarsa ya yi shiru ba. Ni kuma da hannuna na rubuta cewa mai sayarwa ya ɓoye. Wallahi bakina bai buɗe ba.

Da aka watse Malam Idi ya tsaya ya jira ni a ƙofar zaure. Na ɗauka zagina zai yi, kuma da ya yi da na ji sauƙi.

Ya ce, "Malam, uwar ba ta san an haƙa ba. Ce mata na yi maganar iyaka ce. Don Allah in kun haɗu, ka rufa mini asiri."

To, ku da kuke rubuta wa mutane takardu yanzu, ga abin da na koya. Wa'adi mu muka yanka shi, mu kuma za mu iya ɗaga shi, babu wanda zai mutu don an koma tasha. Mutanenmu kuwa abin da ya fi yi musu ciwo shi suke bari sai ƙarshe. In mai sayarwa ya zo muku a makare yana sunkuyar da kai, ku ajiye komai ku rubuta. Ni ban rubuta ba, kuma Malam Idi ya rasu a Kano ban nemi gafararsa ba.