Tafin da Muka Yi a Rafin Kanya

Ranar Juma'a ta farko bayan babbar Sallar bara, mun dawo daga masallaci a Bin Omran, unguwarmu a ƙasar Larabawan da muke zaune, cikin ranar da ke neman narkar da takalmi, muka shige falon gidan da muke haya mu uku, muka ƙure esi don mu sha sanyi. Ishaya, nas ne ɗan Filato, ya dafa mana shinkafa da wake tunda ranar hutunsa ce. Nasiru, ɗalibi mai karatun digiri na biyu, yana ta tsallake tashoshin talabijin har ya faɗa kan wani tsohon fim ɗin kaboyi. Ga sojoji masu shuɗin kaki a kan dawakai, ga mutanen da ake kira Apaci suna gangarowa daga kan dutse suna ihu. Ishaya ya ce a bar shi nan, mahaifinsa marigayi ya so fim ɗin kamar ransa, kuma fim ai fim ne. Nasiru ya ciro waya yana karanto mana ra'ayoyin masu kallo. Wani ya rubuta cewa ba a sake yin fim irinsa ba, wata ta ce abin kunya ne yadda aka mayar da al'umma guda namun daji. "Kai ɗan boko, bar mutum ya ci abinci, khalas, shi ke nan!" in ji Ishaya. Suka juyo gare ni su ji nawa, tunda ni ne babba. Sai na ajiye cokali, don na san fim ɗin, na kuma san inda na fara ganinsa.

Ƙauyenmu Rafin Kanya ne, kuma yau babu shi. A lokacin ina aji huɗu a firamare, da asuba ina karatun allo a zauren kakana, Malam Barau, wanda a hannunsa na koyi rubutun ajami. In an tashi makaranta sai mu yi wa tumaki ciyawa, mu ɗebo ruwa a rafi da tuluna, da kaka kuma mu hau rumfar gona muna korar tsuntsaye da gwangwanaye. Gidanmu na ƙarshe ne daga gabas. Daga bayan dangarmu sai gonar gero, daga gonar sai maƙabarta a gindin wata tsohuwar kanya, inda kakata Hajjo take kwance. Duk Juma'a da safe Malam yakan ɗauki buta da 'yar fartanya, ya je ya cire ciyawar da ta fito a kan kabarinta, ya yi mata addu'a, ni ina biye da shi da buzu.

A daminar wannan shekara aka zo aka kafa turaka masu jan fenti a gonakinmu. Aka ce za a tare kogi a yi dam, ruwa zai cinye ƙauyen, za a mayar da mu wani fili a kan tudu. Manya suka shiga zaman makoki ba tare da gawa ba. Malam bai yi gardama da hukuma ba, abu biyu kawai ya roƙa ta bakin mai gari: a bari a girbe gero, a kuma ba da lokaci a tono matattu a kai su tudu, tunda malamai sun halatta hakan in ruwa zai ci kabari. Aka ce masa an ji, za a duba. Daga nan ya shiga jira.

A cikin wannan jira ne wani saurayi mai suna Ɗan'iya ya dawo daga birni da bidiyo da ƙaramin janareta. Ya toshe tagogin wani tsohon shago da buhuna, yana nuna fim bayan La'asar. Da yake ba mai jin Turanci a cikinmu, shi ne kuma mai fassara, yana tsaye gefen talabijin da sanda. Fim ɗin kaboyi ya fi kowanne farin jini. In Apaci suka kewaye keken dokin fararen fata, sai ɗakin ya yi tsit, ka ji numfashin na kusa da kai. Can sai a busa ƙaho, sojoji su ɓullo a guje cikin ƙura, mu kuwa mu miƙe da tafi da fito har buhunan taga su faɗo. Mun riƙe wannan a matsayin ƙa'ida: in ka ji ƙaho ka ga masu kaki, to ceto ya zo.

Daga nan wasanninmu na da suka mutu. Aka daina langa, aka manta da ɓoyo. A filin makaranta sai kaboyi da Apaci. Muna yin bindiga da karan dawa, ƙaho da bututun ganyen gwanda, baka da reshen dogon yaro da zaren rama. Wanda aka sa ya zama Apaci zai shafa toka a fuska, ya soka gashin zabo a ka, kuma dole ya faɗi ya mutu ko da shi ya fara harbi. Don haka ba mai so. Ƙananan yara da marasa ƙarfi ake tilasta wa, su yi ta birgima a ƙasa har a kaɗa ƙararrawa.

Da Malam ya ga ƙanena ya dawo gida fuska duk toka yana kuka, sai ya ce zai je ya ga abin da idonsa. Mutane suka yi mamakin ganinsa a ƙofar shagon, aka tashi aka ba shi benci. Ya zauna da carbinsa yana kallo, har aka kai inda wani dattijon Apaci yake magana da shugaban sojoji yana nuna ƙasa da hannu. Ɗan'iya ya ce, "Jama'a, cewa yake a kawo masa jinin mutum ya sha!" Aka fashe da dariya. Malam ya ce, "Ɗan'iya, ashe kana jin yarensu?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai ba yare ba ne, ihu ne." Aka ƙara dariya. Bayan an tashi, musu ya kaure a waje. Maƙerin garinmu ya ce mutanen nan ba su da imani, gara da aka gama da su. Wani mai facin keke ya ce shi dai dawakan ne suka ba shi tausayi. Malam ya sa takalmansa a hankali, ya ce, "Na ga mazansu suna faɗa. Ban ga matansu suna daka ba, ban ga inda suke binne nasu ba. Duk wanda aka ɓoye maka murhunsa da maƙabartarsa, so ake a kashe shi kana tafi." A hanya na tambaye shi me dattijon ya ce. Ya ce bai sani ba, amma ya san yadda mutum yake nuna ƙasa in akwai nasa a cikinta.

Gero ya fitar da kai, ya fara nuna, amsar roƙon Malam ba ta zo ba. Wata safiya muna filin makaranta lokacin hutun tara, muna tsakiyar wasan, sai muka ji ham mai tsawo daga hanyar kasuwa. Manyan motoci ne a jere, ta gaba cike da masu kaki riƙe da bindigogi, ƙura na tashi a bayansu. Ban san wanda ya fara ba. Na ji an ce, "Ga sojoji nan! Sun zo!" Gaba ɗayanmu muka kwasa a guje, masu bindigar kara da masu toka a fuska, muna busa bututun gwanda, muna tafi, muna rakiyar motocin har tsakiyar gari. A zuciyarmu sun zo ne su kori masu turaka. Wasu daga cikin masu kakin har suna ɗaga mana hannu suna murmushi.

A ƙofar gidanmu na tarar da Malam tsaye da butarsa. Ya dubi motocin, ya dube mu, hannuwanmu ba su gama sauka daga tafi ba. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ku wanke fuska, ku taya iyayenku ɗaure kaya." A ranar aka fara kwashe mu. Aka cire jinkar rumbuna, aka ɗaure awaki a kan katifu, mata na kuka suna neman tukwane. Malam ya je wurin shugabansu, ya duƙa duk da furfurarsa, yana magana yana nuna wajen kanya da hannu. Mutumin ba ya jin Hausa. Ya juya ga wani matashi da ke masa tafinta, matashin ya faɗi wata gajeruwar magana, suka yi dariya su biyu. Ina tsaye ina kallo, kuma a nan na gane dattijon cikin fim.

Ba a tono kowa ba. Geron ma wasu suka riƙa komawa a ɓoye suna yanko abin da ya samu, har ruwa ya tare hanya. A sabon wurin aka ba mu filaye a jere kamar layin makaranta, ƙasar tsakuwa ce, ba inuwa. Ɗan'iya ya sake buɗe shagonsa, amma ba a ƙara neman fim ɗin kaboyi ba, wasan ma ya mutu ba tare da wani ya hana ba. Malam bai bar al'adarsa ta Juma'a ba. Yakan gangara bakin dam da buta, ni da buzu, ya daidaita inda kan kanyar ya leƙo daga ruwa, ya yi addu'a. Fartanyar ce kawai ya daina ɗauka. Da kanyar ta ruɓe ta nutse, sai ya koma kintace, wani lokaci ya tambaye ni, "Nan ne ko can?" Ni ma ban sani ba, sai in nuna masa wani wuri. A tudu ya rasu, a can muka binne shi cikin tsakuwa, nesa da Hajjo. Allah Ya haɗa su a inda ba a tashin kowa.

Wannan labari na ba su Ishaya a taƙaice, shinkafar ta huce a gabana. Nasiru ya kife wayarsa. Ishaya ya ce su ma garinsu, tun da rikici ya tashe su, yanzu ba mai iya zuwa gyara kabarin mahaifinsa, ya miƙa hannu ya rage sautin talabijin. A lokacin aka busa ƙaho, sojoji suka ɓullo cikin ƙura ba amo, ba wanda ya motsa a cikinmu.

A da muna zaune a ƙasa cikin shago mai zafi, muna da gari da kanya da kabari, ba mu san su wane ne mu a cikin fim ɗin ba. Yanzu ina zaune a kujera cikin sanyi, a garin da ba ni da ko taku guda na ƙasarsa, na sani sarai. Wasu Juma'o'in da yamma nakan je bakin teku in tsaya in yi wa Malam da Hajjo addu'a, in juya wajen da nake zaton gida yake. Har yau kintace nake yi.