Zuwaira da Uwar Ɗan Fari

Zuwaira taubashiyata ce, don haka ina da ikon faɗin halinta: tun tana ƙarama shegen tambaya gare ta. Da ta ce za ta makarantar koyon aikin jinya a Kano, cewa na yi malamai sun shiga uku. Ta gama, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a gefen Doguwa. Ita ce mai allura, ita ce mai wankin ciwo, ran kasuwa kuwa ko ruwa ba ta samun sukunin sha. Ƙafafunta har kumbura suke yi, amma bakin nan bai mutu ba.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yaran da ake dawowa da su jiki ya ƙara rikicewa, don ba a ba su magani yadda ta ce ba. Ta fara bincike, wai za ta kai wa malamanta in ta koma ƙaro karatu. Kowa ta samu sai ta titsiye shi: wa ke ba yaron magani? Da wane cokali? A hankali ta lura yawancinsu 'yan fari ne. Dalilin kuwa ya gagare ta.

Rannan sai ga Muhsina, wata matar aure daga rugar bayan dutse, ita da surukarta. Sun sake dawowa da jaririnta Mujitaba, jikinsa zafi rau, ko nono ya daina kamawa. Tsohuwar ce ke riƙe da shi. Zuwaira ta shiga bayani tana duban uwar, don a makaranta an koya mata uwa ake yi wa bayani. Muhsina ta kau da kai tana kallon bango. Zuwaira da tun safe ba ta sa komai a baki ba, sai ranta ya ɓaci.

"Ke! Wai ba ɗanki ba ne? So kike ya mutu?"

Tsohuwar ta ce, "Haba 'yar nan, ɗan fari ne fa, kunya take ji. Ni za ki gaya wa." Ga shi kunnenta ya yi nauyi, sai an yi mata ihu take ji.

Zuwaira ta sunkuya ɗaukar audugar da ta faɗi, nan idonta ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Ta ƙarƙashin mayafi, hannun Muhsina yana riƙe da ƙafar yaron gam.

 Zuwaira ta miƙe ta ce wa tsohuwar, "Iya, don Allah jika mini tsumman nan a rijiyar waje, mu goge masa jiki." Tsohuwa na fita, ta ja labule. Ai kuwa Muhsina ta rungume ɗanta, hawaye shaɓe-shaɓe, ga tambaya kamar an kwance bakin buhu. In ya yi amai a sake ba shi? Kafin nono ko bayan nono? Ashe duk zuwan da suke yi, mai ji ba ta da bakin tambaya, mai tambayar kuma ba ta ji.

Mujitaba ya tashi garau. Daga ranar, in aka kawo ɗan fari, sai Zuwaira ta ƙirƙiro wa kaka aike.

To, ita ma Zuwairan 'yar fari ce. Mahaifiyarta, Gwaggona, ba ta taɓa kiran sunanta ba, kuma na san abin ya daɗe yana cin ta. Da Zuwaira ta zo hutu gida Kiru ina zaune, Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba. Sai ta ce wa ƙanwar Zuwaira, "Bushra, ki ce wa waccan ta ci abinci."

Sai na ga Zuwaira ta bar kallon fuska ta koma kallon hannu. Idon Gwaggo na kan ƙofa, hannunta kuma yana tura gwangwanin man kaɗanya a hankali kan tabarma, har ya taɓa kumburarriyar ƙafar 'yarta.

Sarauniyar tambayar nan tamu ta miƙa hannu ta ɗauka. Ta buɗe gwangwanin tana kuka.