Ruwan da Muka Wanke Mma da Shi

Mahaifiyata, wadda kowa a gidanmu na haya ke kira Mma, ita ce mai wankan gawar mata a layinmu na Zango. Ko a can unguwar Asawase aka yi rasuwa sai an aiko mata. Mace ce mai sanyin hali, amma a kan ruwa ba ta da wasa. Kafin ta taɓa gawa sai ta ɗebi ruwan a tafin hannu, ta duba, ta shinshina, ta ɗanɗana. In launi ko wari ko ɗanɗano ya canja, to ruwan ba ya tsarkakewa. Haka aka koya mata, haka ta koya mini.

Dalilin wannan bincike nata ba ɓoyayye ba ne. Bututun famfonmu ta cikin kwata ya bi. Ban san wane mai ilimi ya tsara wannan aiki ba, amma ina so in ga malamin da ya koyar da shi. Bututun ya tsage a bayan gidanmu, an naɗe shi da robar taya. Duk ranar da aka ɗauke ruwa sai ya zuƙi abin da ke cikin kwatar, kuma ba sai na faɗi abin da ake zubawa a kwatar Zango ba. Mun yi ta zarya wurin asambuliman, wato wakilin unguwarmu, kullum amsarsa ɗaya: zai zo ya gani da idonsa. Ko inuwarsa ba mu gani ba.

Da ciwo ya kwantar da Mma, wata rana ta riƙe hannuna ta ce, "Amana na ba ki. Na wanke matan mutane da ruwa mai tsarki. Kada ki bari a wanke ni da ruwan gota, ruwan kwatar nan."

Ta cika ran Talata da hantsi, famfo na da kwana tara a bushe. Jinya ta cinye abin da ke randa, mai tankar ruwa kuma ya ce sai yamma. Maza suka sa jana'iza bayan azahar. Muna cikin wannan sai famfo ya yi tari, ya fara zuba. Wata maƙwabciyarmu ta ɗaga murya: "Paipu ya buɗe! Kun gani? Hajiya mutumin kirki ne, Allah ya kawo mishi ruwa!" Mma take nufi, a Hausarmu ta Zango da ba ta raba mace da namiji. Mata suka ɗauki kabbara.

Na tara hannu. Ruwan ja-ja-ja, kamar wanda aka tsiyaye daga tukunyar wake da shinkafa. Tun ban kai shi hanci ba warinsa ya buge ni.

Goggona, ƙanwar babanmu, ta ce, "Bar shi ya kwanta, 'yata. Mamaci ba ya jira."

Na ce, "Goggo, za ki yi alwala da shi?"

Ta kawar da kai. Na tsaya a ƙofar ɗakin Mma na tare hanya, ina kuka ina jin haushi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Sai ga asambuliman, cikin farar riga fes, ya zo gaisuwa. Zaɓe ya matso, shi ya sa ya gane hanyar gidanmu. Mutanensa suka jibge ƙunshin piya wata, ruwan sha na leda, don masu zaman makoki, kowace leda da hotonsa yana washe baki. Ban nemi izinin kowa ba, na ja ledojin ruwan zuwa ɗaki. Ni da Goggo muka riƙa tsaga su da reza muna juyewa a bokiti, ɗaya bayan ɗaya, har yatsunmu suka yi sanyi. Na ɗeba, na duba, na shinshina, na ɗanɗana. Mai kyau ne.

Muka wanke Mma da ganyen magarya da kafur, yadda ta saba yi wa wasu. Ɗakin da ko ɗan cikinta bai isa ya shiga ba a wannan lokaci, ga fuskar ƙaton nan barbaje a ƙasa tana mana dariya. Na yi ta tattake ta da ƙafa.

Da aka dawo daga maƙabarta, tsakar gida ba abin da kake ji sai "Allah ya saka wa Onarabul," wato asambuliman. Yayana ya kira ni gefe ya ce, "Je ki yi masa godiya, kada a ce ba mu da tarbiyya." Na je. Na durƙusa gaban mutumin da ya bar mu muna shan kwata, na ce na gode. Ya ce ba komai, ai Hajiya uwarsa ce.

Washegari na leƙa bayan gida. Shara ta kwashe ledojin zuwa kwata, sun taru sun maƙale daidai inda bututun ya tsage, fuskarsa a sama tana murmushi. Ya dai cika alkawari, ya zo ya gani da idonsa.

Na sauke amanar Mma, wannan na sani. Amma har yau in abin ya faɗo mini a rai, ba warin ruwan nan ke tayar mini da zuciya ba. Wannan "na gode" ce.