Inji a Falo, Suruki a Matakala

Injin ya riga surukina shigowa gidanmu da 'yan makonni. A lokacin ina aikin kwashe kaya a Bronx. Idan za a gyara tsohon gini, mu ake kira mu share ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, mu loda tarkace a mota mu kai juji. Wata safiya, sanyi ya fara shigowa, muna aiki a ƙarƙashin wani gini kusa da titin Grand Concourse, muka ɗaga wasu tsofaffin katifu muka tarar da shi a kwance, an cire masa ƙafafu. Akwati ne mai tsawon gadon mutum ɗaya, da gilashi a samansa, da wani allo mai zane da ake kafa masa a ka. Finbol suke ce masa. Ana harba ƙwallon ƙarfe a ciki, tana gangarowa tana buga ƙararrawa, kai kuma kana tare ta da wasu 'yan fukafukai biyu don kada ta faɗa rami.

Ban taɓa buga shi ba a rayuwata, kuma ba wasan ne ya ja ni ba. Cikinsa ne. Ƙuruciyata duk a rumfar gyaran rediyo na yi ta a Maradi, amma tunda na zo ƙasar nan hannuna bai yi komai ba sai ɗaukar nauyi. Da na ɗaga murfin na ga wayoyi a ɗaure dami-dami, na ga sifirin da koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, da ƙananan ƙarafa masu buɗewa da rufewa, ga warin tsohuwar dalma ya gauraya da na kashin ɓera, sai na kasa mayar da murfin. Babu abin da ke cikinsa wanda yatsa ba zai iya kaiwa ba.

Abokin aikina mutumin zangon Kumasi ne, ya girme ni, bakinsa kuma ba ya hutawa. Da sunan garinmu yake kirana. Ya leƙa ya ce, "Kai Maradi, mutane sun zo Amerika suna aika mota gida, kai ka samu akwatin gawa mai fitila. Matanka zai kore ka, ni kuma ba ni da katifa na biyu." Duk da haka shi ya kama mini muka hau da shi bene na huɗu, yana zagina a kowace kwana ta matakala.

Gidanmu a unguwar University Heights ɗaki ɗaya ne da falo. Matata tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, tana fita bayan asuba, sai bayan isha'i take dawowa. Da ta ga injin ba ta yi faɗa ba. Ta dai tuna mini cewa Baba, mahaifinta, yana tafe, kuma a falon nan zai kwana. Na ce kafin ya iso na gama na fitar. Ta ɗauko tsohon zane ta rufe allon, don an zana wata mace a jiki wadda tufafinta ba su kai a kira su tufafi ba.

Ban gama ba. Ko kusa ban yi ba. Man da aka zuba wa injin tun da daɗewa ya daskare kamar ƙaro, lambobin da ke juyawa suna ƙirga maki duk sun maƙale, robobi kuwa kana taɓawa suke rugurgujewa. Sai na warware kowane ɓangare, na wanke da barasar goge waya, na kankare tsatsa, na mayar. A waya nake kallon wasu tsofaffin Turawa suna nuna yadda ake yi. Rabin maganarsu ba na ji, hannunsu nake bi.

Baba ya iso da yana a idanunsa biyu. Ganinsa ya ragu har ba ya gane mutum sai da murya. Abin da ya kawo shi ke nan. Likita ya ce za a yi wa ido ɗaya aiki, idan ya warke a yi wa ɗayan. Muka shimfiɗa masa a doguwar kujera, injin na gefensa a buɗe, ya cinye rabin falon.

Matata 'yar farinsa ce. Ba ya kama sunanta, ba ya yi mata doguwar magana, balle ya kai mata kuka. Ni kuma suruki ne. A gida wannan kunyar tana da wurin zama: akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙanne da za a aika. A nan bango ɗaya ne siriri tsakaninmu, banɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya. Da safe in durƙusa in gaishe shi in wuce. Abincina a kicin nake ci a tsaye. Mu uku muna gida ɗaya, kuma babu wanda zai iya faɗa wa wani abin da ke damunsa kai tsaye. Na san haka sarai, kuma da shi na yi amfani.

Kwanakin farko na haƙura ban taɓa injin ba. Sannan wata rana na dawo daga aiki wajen la'asar, na gaishe shi, na ɗauko akwatin kayan aikina, na tsaya a bakin falo. Na dai bari filaya da sukudireba suka yi ƙara a cikin akwatin. Ya juya fuskarsa wajen taga, kamar da tagar yake magana, ya tambaya ko wannan abin na mene ne.

Na ce, "Na aiki ne, Baba. Gyara ake yi."

Ya ce, "To, Allah ya yi wa nema albarka. Bari in leƙa masallaci."

Ya lalubi sandarsa da bargo ya fita. A ganinsa sana'ata ce, abin da nake ciyar da 'yarsa da shi, kuma bai dace ya zauna ya zuba wa surukinsa ido yana neman abinci ba. Ni na sa masa wannan tunanin da kalma biyu.

Masallacinmu wani ɗan shago ne a ƙarshen layi. Mai riƙe da makulli direban tasi ne, yana buɗewa a yi la'asar ya kulle, sai magariba. Ni nake salla a can kullum, na sani. Na kuma san mutumin da ba ya ganin fuska ba zai tsallaka titin nan shi kaɗai ba. Na tsaya ina sauraren takunsa. Ya sauka hawa ɗaya, sandar na ƙwanƙwasa kowane mataki, sai ƙarar ta tsaya. Ban ji an buɗe ƙofar ƙasa ba. Na jima a tsaye, sannan na jona ƙarfen narka dalma a wuta.

Daga ranar ya zama al'ada. Ina shigowa da akwatin, yana ɗaukar bargo. Kafin magariba in tattara, in buɗe taga warin ya fita, in sauka in same shi ya miƙe tsaye a matakala kamar yanzu yake hawowa, in kama hannunsa mu tafi salla. Matata tana dawowa ta tarar da mu lafiya.

Aka yi wa idon dama aiki, ya yi kyau. Ranar da aka cire masa abin rufi ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Likita ya ce a kiyaye shi daga ƙura da hayaƙi, sai na samu sabon uzuri: ai gara ma ba ya cikin falon lokacin da nake narka dalma. Wallahi har na yarda da wannan maganar a raina na ɗan lokaci.

Wata Asabar abokina na Kumasi ya zo kawo mini wani koyil da ya tsinto. Ya shigo ba dariya, abin da ban saba gani ba. Ya ce ya tarar da wani dattijo a zaune a kan kwandon robar da ake jera madara a ciki, a kwanar matakala inda gilashin taga ya fashe, ya gaishe shi da Hausa ya amsa. Ya ce, "Maradi, ba baban matanka ba ne?" Na ce shi ne, yana son shan iska.

"Iska? A Disamba?"

Ya ce ya tambayi dattijon me ya sa bai shiga ciki ba, ya amsa masa cewa ɗansa yana aiki, ba ya so ya takura masa. Ɗansa, haka ya ce. Abokina ya ajiye koyil ɗin a kan gilashi, ya ƙi shan shayi, ya fita. A ranar na ce wa kaina kwana biyu kawai suka rage, abu ɗaya ne ya hana ƙwallon fitowa, ina gano shi shi ke nan. Fiye da mako na ƙara. Ina aiki ina jin kunyar kaina, kuma hannuna bai daina ba.

Tari ya fara masa kaɗan-kaɗan, yana danne shi da bargo don kada ya dame mu. Sannan zazzaɓi. Ranar da aka sa don idon hagu muka je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ji tarin ta kira likita, likita ya ce ba a yi wa mai tari aikin ido, kuma ƙirjinsa ya kamu, sai an yi maganin wannan tukuna. Aka ɗage.

Matata ta ɗauki hutu ta zauna da shi. Karo na farko ke nan da rana ta same ta a gida. Ina kicin aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga wata mata ta bene na uku, cikin masu magana da Sifaniyanci, da kwanon romo a hannu. Ta ce ta kwana biyu ba ta ga dattijon matakala ba, shi ne ta zo dubawa. Ashe ita ke miƙo masa shayi wani lokaci, har ta toshe masa tagar da kwali. Matata ta ce, wace matakala? Matar ta nuna mata da hannu.

Ta karɓi romon ta yi godiya ta rufe ƙofa. Ta sauka ta ga kwandon, ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba, don mahaifinta na kwance a bayan bango. Ta same ni a kicin ta ce a hankali, "Malam, ni ina can ina wanke iyayen wasu, kai kana nan..." Ba ta ƙarasa ba. Ta zuba romon a kofi ta kai masa.

Washegari na kwance ƙafafun injin, na ja shi ni kaɗai zuwa ɗakinmu, na jingina shi a tsaye a bayan ƙofa. Falon ya yi faɗi. Baba ya samu sauƙi a hankali, har ya fara zama yana kallon titi ta taga da idonsa ɗaya. Na ɗauka an wuce wurin.

Sai ƙanensa ya kira ni daga Maradi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce Yaya ya yi masa waya, yana so ya dawo gida, a taimaka a nema masa jirgi. Saƙon daga falo ya tashi, ya je Maradi, ya dawo ɗakin da ke bayan bangon. Na ce saura ido ɗaya, an ma sa sabuwar rana. Ya ce shi ma ya faɗa masa haka, amma ka san Yaya.

Na je na durƙusa a gabansa, na yi maganar da ta fi kowace tsawo tsakanina da shi. Na roƙe shi ya ƙara haƙuri, aikin ba ya ɗaukar lokaci, falon nasa ne, ba abin da zai sake fitar da shi. Ya saurara har na gama, idonsa a kan tasbaha. Ya ce, "Wanda aka buɗe ya isa. Allah ya saka da alheri. Kai ma ka koma kan aikinka."

Har yau ban san abin da yake nufi da aikin ba. Bayan idonsa ya buɗe ya zauna kusa da injin nan kwanaki da yawa, ya ga ƙwallon, ya ga fitilu masu launi, zanen da aka rufa wa allon ma yakan zame. Dattijo ne da ya yi fatauci har Legas, ba yaro ba. Mai yiwuwa ya gane tun tuni, ya ci gaba da ɗaukar bargonsa don kada ya ƙaryata ni a gidana.

Ya tafi cikin Janairu. Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, ko da yake ba na son faɗarsa: bai yi wata da tafiya ba na mayar wa injin ƙafafunsa na ƙarasa shi. Wata 'yar waya ce ta tsinke a ƙarƙashin dami. Na liƙa ta, fitilu suka kama, ƙwallo ta fito, ƙararrawa ta buga. Na yi wasa da shi sau kaɗan, ni kaɗai, ban iya ba, ban kuma ji daɗi ba. Daga baya na ba wani mai aski a unguwar ya sa a shagonsa. Abokina na Kumasi ya ci gaba da tsokanata a wurin aiki a kan komai, ban da wannan.

Idon hagun ba a yi masa aiki ba. Likitocin ido sukan zo Maradi, 'ya'yansa sun yi ta fama da shi ya je, yana cewa ya gode. Ni da matata muna zaune, ba ta taɓa sake tayar da maganar ba. Amma idan za ta kira gida, ɗaki take shiga ta rufe ƙofa.

Ni ma ina kiransa ranar Juma'a. Ina wuni, ina gajiya, yaya jiki, yaya mutanen gida, Allah ya ƙara lafiya. Ba ta wuce haka. Na daɗe ina tunanin yadda zan nemi gafararsa, domin neman gafarar yana nufin in faɗa da bakina cewa na kore shi daga falo, shi kuma ya amsa da bakinsa cewa an kore shi a gidan 'yarsa. Wata Juma'a dai na daure. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, akwai wata magana tun ta lokacin da kuka zo nan, ta wannan injin."

Ina jin kukan akuya a bayansa, da wani yana jan ruwa. Sannan ya ce, "Ga kawunku nan, bari ku gaisa." Ya miƙa wayar.