Audugar Da Na Tuge A Tsakar Gidana

Shekarar da korona ta sa aka rufe makarantu, kogi kuma ya cika ya cinye wuraren bugun bulo na Aljirif, ina da shekara arba'in da 'yan kai, ko sunana ban iya rubutawa ba. Bulo nake bugawa a bakin kogi, in koma gida Dar Salam ta Omdurman duk Alhamis. A gidan akwai matata, 'ya'yanmu uku, da mahaifiyata da muke kira Hajja. Mutane sun shaide ni da haƙuri, amma akwai abin da ba na son ji, wato zancen Jazira. A can na tashi cikin kambo, zangon 'yan ƙwadagon gona, ina tsinkar auduga tun ban kai tsayin itacenta ba. Na rantse 'ya'yana alƙalami za su riƙe.

Da zaman gida ya yi tsawo, matata, wadda ta yi sakandare, ta ce ba za ta bar yara su manta karatu ba. Littattafai ba su da yawa, sai ta samo angurya wajen wata maƙwabciya, suka shuka layi biyu a jikin katanga. Komai daga audugar nan take ciro shi. Duk Asabar su auna tsayinta da zare su rubuta, su ƙirga ganye, su zana furen. Sun kwaɓa laka sun gina taswirar Jazira a ƙasa, da koguna biyu da magudanai, suna zuba ruwa da buta su ga inda zai bi. Hajja ta fito da tsohon mazarinta tana koya musu kaɗi, tana ba su labari, babbar 'yata mai shekara goma sha biyu tana rubutawa. Da ruwa ya kore mu daga aiki na dawo gida na zauna, duk wannan a idona wasan ƙasa ne. Wata rana yarinyar ta miƙo mini littafinta, ta ce Baba duba ka gani, har da kai a ciki. Na ce idona na ciwo. Kunya ce ta hana ni in ce ta karanta mini.

Ranar da audugar ta fashe, wani abokin aikina ya zo gaishe ni da hantsi. Ya tarar da yarinyar ta ɗaura buhu a kugu tana tsinka, ƙannenta na aunawa. Ya bushe da dariya, ya ce ya zol, wato kai mutumina, ashe kambo ka ɗauko ka kawo birni, a ajiye mini gurbi in kaka ta yi. Na yi dariyar yaƙe har na raka shi ƙofa. Ina dawowa na bi layukan audugar nan na tuge su ɗaya bayan ɗaya, na tattake taswirar, na kwashi littattafai huɗu na cusa a murhu. Matata ta riƙe mini riga tana cewa Malam, don girman Allah tsaya in karanta maka ko shafi ɗaya. Na ce ban bar gona don a mayar mini da 'ya'ya gona ba. Hajja ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kawai, ɗan nan, maganata ce ka sa a wuta, kuma ba ni da numfashin maimaitawa. Ta naɗe mazarinta a tsumma. Kafin azumi ya kewayo Allah ya karɓi abarsa.

Bayan shekara biyu na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a harabar masallacin unguwa. Mako na biyu ustaz ya ce kowa ya zo da kayan sana'arsa. Na kawo akwatin bugun bulo ina jin nauyi. Da shi ya koya mana awo da ninkawa, a kan ɗanyar laka kuma na fara zana harafin farko na sunana da tsinke. Ina zanawa na gane abin da na tattake. Na je gida na faɗa wa matata. Ta buɗe akwatinta ta ba ni takarda guda da gefenta ya ƙone, wadda ta fizgo daga murhu ranar.

Wata biyar na yi kafin in iya karanta ta ni kaɗai. Hausar Hajja ce da haruffan Larabci, da hannun 'yata. Tana faɗin yadda take tsinka da ni a goye, da yadda mahaifina ya rasu ina jariri suna kan hanya tsakanin kambo biyu. Layin ƙarshe ya ce za ta faɗi ƙauyen da aka binne shi, don jikoki su je su yi masa addu'a. Sunan yana shafi na gaba. Shekara arba'in muna tare ban taɓa tambayarta ba, saboda ƙin zancen Jazira. Na tambayi 'yata, ta yi ta ƙoƙarin tunawa, ta ce Baba ka yafe mini, na dogara da littafin ne. Ita ke neman yafiyata.

Iyaye 'yan'uwana, musamman irina da ba mu yi karatu da wuri ba, idan kun ga yara da laka ko iri ko zare ana ce musu darasi, ku zauna ku tambaya. Cewa ban iya ba, karanta mini, bai kai ciwon abin da nake ɗauke da shi ba. Yaƙin da ya zo daga baya ya raba mu da abubuwa da yawa, amma waɗannan da hannuna na hallaka su: itacen auduga goma sha huɗu, taswira ɗaya, littattafai huɗu, labarin mahaifiyata na wata shida, da sunan ƙauyen da mahaifina yake kwance.