Katin da Sani Ya Haɗa

Kakarmu Iya Hajo ba ta fara tatsuniya sai ta gama gasa gyaɗa a tokar murhu. Da an yi sallar isha'i sai mu kewaye ta, mu shida, a tsakar gidanmu na Dakoro, kowa na tura ɗan'uwansa don ya samu gefen wuta.

"To, ga ta nan ta iso," in ji ta. "Mai barci ya tahi wurin uwatai."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta raƙumi. Wai ya shiga wani kwazazzabo matsattse wajen Tagriss, gaba dutse, baya kuma bai iya juyawa. Kwana uku yana kuka. Sai kunkuru ya ce masa ya hau bayansa da ƙafa huɗu. Ya hau, kunkuru ya riƙa juyawa sannu sannu har hancin raƙumi ya dubi hanya. Bayan kunkuru ya tsattsage, raƙumi kuwa ya yi gaba abinsa, ko ƙasa bai duba ba. Mu dai dariya muke yi. Iya ta ce, "Ku yi ta dariya, 'yan nema. Wa ya tambayi kunkuru ya jiki?"

Yau gyaran rediyo da salula nake yi a bakin kasuwa. Bara Mushe Idi, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, ya shigo da wani allo a nannaɗe cikin zane. Jirgin ƙasa ne na wasa, da layinsa, da wani faifai da kan jirgin ke hawa a juya shi, tunda shi ma bai iya juya kansa. Ɗansa Sani ne ya haɗa shi kafin ya rasu. Faifan ya daina motsi, ɗiyar Sani kuma ba ta taɓa ganin ya juya ba.

Na kifa allon. Katin da ke ba injin umarni ya ƙone ƙurmus. Na cire shi, na sa sabo, na canza wayoyi, tsohon kuma na wurga shi kwandon tarkace kamar yadda hannuna ya saba.

Da Mushe ya dawo tare da jikar tasa na sa wuta, faifan ya juya. Yarinyar ta buga tsalle tana ihu, ni kuma sai washe baki nake yi, ina jiran yabo.

"Ɗana, ina tsohon?" in ji Mushe.

Kafin in amsa ya hango kwandon. Dattijon da ya koya mini karatu ya durƙusa yana tona shara. Wallahi kunya ta kama ni, sai a lokacin na gane tambayar Iya. Na durƙusa kusa da shi muka yi ta nema har muka samo.

Ya goge shi da bakin rigarsa, ya nuna mini wani ɗigon dalma a karkace, inda Sani ya liƙa waya.

"Nan ne ya ƙona yatsa," ya ce. "Ni na hura mishi."