Farfelar da ta juya babu inji

Jama'a, wallahi tallahi ni abin nan ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin ina karatun gyaran jirgin sama a wata kwaleji a Bukit Jalil ta ƙasar Malesiya, wajen shekarar dubu biyu da shida. Mu biyu ne kaɗai Hausawa a ajin, ni da wani Nura, kuma ba ma ga-maciji tun ranar da ya kai ƙarata wai na kwafi aikinsa. Na tsane shi, ba zan ɓoye muku ba, ko a mamak, wato gidan cin abinci, muka haɗu sai ɗayanmu ya ce a yi masa tapau, a ƙunshe masa nasa, ya fice.

To, a ɗakin aikinmu akwai wata tsohuwar farfela da aka kafe a jikin ƙarfe, ba inji ba waya, a kanta muke koyon auna karkatar fiffike. Ana gobe jarrabawa, bayan azahar, na ɗora ma'aunin a jikin fiffiken, na sunkuyar da kai ina karanta lamba. Shi kuwa Nura ɗan neman fitinar sai ya ɗauko na'urar da 'yan besbol na makarantar ke auna gudun jifan ƙwallo da ita, mai kama da bindiga, yana saita ni.

"Kai, matsa daga nan!" in ji shi.

Na ce, "Uban wa zai matsa? So kake in faɗi gobe ko?"

Ya rantse wai lambar na'urarsa hawa take yi kamar wani abu na gudu, alhali farfelar na tsaye cik, ko fanka ba a kunna ba. Na ɗura masa ashar. Kawai ya fizgo kwalar rigata muka zube ƙasa, na dunƙule hannu zan kai masa naushi ke nan sai na ji fuuu! Innalillahi. Farfelar nan ta juya sau ɗaya, ta raba ma'aunin gida biyu, daidai inda kaina yake kafin ya fizge ni.

Tsohon Bamalen da ke kula da ɗakin ya leƙo, ko mamaki bai yi ba, ya jawo tamfol ya lulluɓe ta, ya ce kada wanda ya tambaye shi komai.

Har muka gama karatu ban ce wa Nura na gode ba, shi ma bai nema ba. Amma har yau in na zauna ƙarƙashin fanka sai tsigar jikina ta tashi. Don haka in maƙiyinku ya ce ku matsa, ku fara matsawa tukuna, zagin ba guduwa zai yi ba.